Yaron da Ba a Kira Sunansa Ba

A ƙarshen shekarar karatu, bayan ruwan farko ya sauka a Yamai, akwai ranar da unguwar Wadata ke cika da guɗa. Ita ce ranar ba da sakamakon jarrabawa. Tun da hantsi yara ke taruwa a filin makaranta. Iyaye mata suna tsaye a bakin ƙofa, wasu da goyo a baya. Can sai malami ya fito da takarda a hannu, ya soma kiran sunaye. Wanda ya ji nasa sai ya daka tsalle, ya sheƙa gida a guje. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, ƴan'uwa suna ta shigowa barka.

Amma takarda tana da ƙarshe. In malami ya naɗe ta, akwai yaran da suka rage a tsaye, kowa yana duban ƙasa. Waɗannan ba su bin babbar hanya. Sukan bi lungu, su ratsa ta bayan kasuwa, su yi ta zagaye har magariba don kada maƙwabta su gan su. Wani in ya isa gida ko tuwo ba ya iya ci. Wani kuwa tun daga ƙofar gida zai ji muryar mahaifinsa: «Ka ba mu kunya! Ga ɗan wane ya ci, kai kana nan kana yawon banza.»

Faɗuwa jarrabawa hasara ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shekara guda ta tafi. Kuɗin littattafai da na tufafi sun tafi. Abokai za su wuce gaba su bar shi a baya. Wanda ya ce wa yaron «ba kome» ya yi masa ƙarya, yaron kuwa ya san ƙarya ce. To, amma wanda ya ce masa «kai ba ka da amfani» ya yi ƙaryar da ta fi ta farko girma. Jarrabawa tana auna abin da yaro ya rubuta cikin kwana biyu ko uku. Ba ta san yana da zazzaɓi a ranar ba. Ba ta san wace ce ke ɗebo ruwa da yin talla kafin ta je aji ba. Ba ta kuma san abin da yaron zai zama bayan shekara ashirin ba. Wannan ko malaminsa bai sani ba.

Kusa da kasuwar Wadata akwai wani babban gidan al'adu, mai filin wasanni da ɗakin karatu. Mutanen Yamai suna kiransa CCOG. Yara da yawa suna wucewa ta ƙofarsa, amma ba duka suka san mai sunan ba. Sunansa Umaru Ganda, labarinsa kuwa ya kamata kowane ɗan makaranta ya ji shi.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935. Ya yi makarantar firamare, bai wuce nan ba. A 1951, yana ɗan shekara goma sha shida, ya shiga sojan Faransa, gama a lokacin Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallaka. Aka kai shi yaƙin Indoshin, can ƙasar da ake kira Biyetnam. Yaƙin ba nasa ba ne, ba na ƙasarsa ba ne. A 1954 aka ci Faransa da yaƙi a wani wuri mai suna Dien Bien Phu. A 1955 Umaru ya tuɓe kaki. Ya komo gida ba shi da babbar takarda, ba shi da sana'a. Ya nemi aiki a Yamai bai samu ba. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya san shi sosai daga baya, ya ba da labari cewa mahaifin Umaru ya kore shi daga gida don an ci su da yaƙi. A duba wannan da kyau. Manyan hafsoshi ne suka tsara yaƙin, su aka ci, amma saurayi ɗan shekara ashirin aka ɗora wa kunyar.

Sai Umaru ya yi abin da samarin Nijar da yawa suke yi a zamanin. Ya tafi ci-rani bakin teku. Ya sauka Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa, ya zama lebura a tashar jiragen ruwa. Yau a ɗauke shi aiki, gobe a ce babu. Yana ɗaukar buhuna a ka, yana kwana a unguwar Treichville tare da sauran baƙi. Da a ce wani ya tsaya a bakin tashar nan ya nuna shi, ya ce wata rana za a sa sunansa a babban gini a Yamai, da an yi masa dariya.

A nan ne ya gamu da Jean Rouch. Shi Rouch yana binciken rayuwar mutanen da ke barin Nijar suna zuwa bakin teku neman kuɗi. Yana bukatar wanda ya san mutanen, yana jin harshensu, ya kuma iya karatu da rubutu. Ya ɗauki Umaru aikin tambaye-tambaye. Daga nan ya sa shi cikin wani fim mai suna Moi, un Noir, wanda ya fito a 1958. Umaru ne babban ɗan wasa. Rayuwar lebura ya nuna, da bakinsa kuma ya yi bayanin hotunan. Fim ɗin ya sami babbar kyauta a Faransa.

Wani da ya tsaya nan, ya ce ya isa. Umaru bai tsaya ba. A fim ɗin Rouch, shi ake ɗauka, wani ne ke riƙe da na'ura. Shi kuwa so yake ya ba da labarinsa da kansa. Ya komo Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon aikin silima a gidan al'adun Faransa da Nijar. Ya fara daga ƙasa, yana taimakon waɗanda suka riga shi. Shekara goma ke tsakanin fim ɗin Abijan da fim ɗinsa na fari. Shekara goma ba kwana goma ba ce. Yaron da ke kuka don zai maimaita aji guda ya lissafa wannan.

Fim ɗin na fari sunansa Cabascabo, da Zabarmanci aka yi shi. Me Umaru ya zaɓa ya nuna? Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi a aljihu. Abokai suka kewaye shi, maroƙa suka yi ta wasa shi, aka ci aka sha. Da kuɗi suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aiki, aka wulaƙanta shi. Daga ƙarshe ya juya wa gari baya, ya nufi karkara don ya yi aikin ƙasa. Umaru da kansa ya fito a matsayin sojan. Watau abin da wasu za su binne don kunya, shi ya tono, ya dube shi da kyau, ya sa a gaban jama'a. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa, ya kuma sami kyauta a Masko. A 1972, a Wagadugu, aka fara ba da babbar kyautar bikin silima na Afirka, FESPACO, wadda ake kira Ingarman Yennenga. Wanda ya fara ɗaukarta shi ne Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara hamsin ba.

A nan sai a yi hattara. Akwai yaron da zai ji wannan labari ya ce: «Ashe makaranta ba dole ba ce. Ga Umaru Ganda, firamare kaɗai ya yi.» Wannan yaro bai saurara da kyau ba. A tashar Abijan akwai leburori ɗaruruwa, cikinsu akwai masu ƙarfi da masu wayo. Ɗan karatun nan na firamare yana cikin abin da ya sa Umaru ya iya riƙe takarda da alƙalami ya yi wa Rouch aiki. Da shi ya rubuta labarin fim ɗinsa. Abin da ya koya a aji bai ba shi aiki ranar da ya nema ba, amma bai ruɓe ba, yana nan har ranar da ƙofa ta buɗe. Kuma kada a manta, Umaru Ganda guda ne. Abokan leburancinsa da yawa sun tsufa a ƙarƙashin buhu, ba wanda ya san sunansu. Wanda ya bar makaranta da gangan yana jiran wani Bature ya tsince shi a hanya, zai daɗe yana jira.

To, mene ne cin nasara? A makaranta an saba da amsa guda: a zo na ɗaya. Duk wata uku ana jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe, a karanta a gaban kowa. Jerin yana da amfaninsa, yana sa himma. Amma a aji mai yara sittin, mutum guda ne zai zo na ɗaya. Shin sauran hamsin da tara duk sun faɗi ke nan? A ɗauki yara biyu. Ɗaya ya saba samun maki 9 bisa 10 a lissafi, bana ya yi wasa ya sami 7. Ɗaya kuwa bara 2 take samu, bana ta dage ta sami 5. A takarda na farko ne a sama. Amma shi baya ya ci, ita ce ta yi gaba. Malamin kirki ya san wannan, yakan kuma faɗa a gaban aji. Iyaye ne sau da yawa ba su tambayar kome sai «na nawa ka zo?»

Sunan unguwar ma abin lura ne. Bahaushe bai ce wadata ita ce tarin dukiya ba. Wadatacce shi ne wanda abin hannunsa ya ishe shi, har ya taimaki wani. Akwai mai kuɗin da bai wadata ba. Haka ilimi yake. Yarinyar da ta iya karanta wa kakarta takardar likita, ta gane ƙwaya nawa za a sha da safe, nawa da dare, karatunta ya yi rana. Yaron da ya iya riƙe wa mahaifinsa lissafin shago ba a cuce shi ba, nasa ma ya yi rana. Wanda kuwa ya saci amsa ya sami takarda, ya riƙe fanko. Ranar da aka ba shi aiki aka ce ya rubuta wasiƙa, ranar ce jarrabawarsa ta gaskiya, ba kuwa maƙwabcin da zai leƙa. Satar amsa ta fi yawa inda aka fi tsoron faɗuwa. Gidan da yaro ya san bulala da zagi ne ke jiransa, gidan ne ke tura shi ya rubuta amsa a tafin hannu.

Kasuwar Wadata kanta daga hasara ta tashi. A 1982 gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai. Ƴan kasuwa suka wayi gari ba rumfa, ba haja, wasu da bashi a wuya. Hukuma ta ba su wuri a Wadata su zauna kafin a sake gini. Sai a 1987 aka buɗe sabuwar babbar kasuwa. Cikin shekarun nan biyar ba su zauna suna kallon toka ba. Mai tebur ya sake kafa tebur, mai awo ya nemo tiya. Da aka gama ginin, kasuwar Wadata ba ta mutu ba, ta riga ta yi saiwa. Ɗan kasuwa in ya yi hasara yakan zauna da dare ya yi lissafi: ina kuɗin suka shiga, wa ya ci bashi bai biya ba, wace haja ce ba ta tafiya. Ba ya cewa «ni ba ni da kan kasuwa» ya rufe rumfa tun faɗuwar fari.

Irin wannan lissafi ne ya kamata ɗalibi ya yi, shi ne kuwa abin da yawancin yara ba su yi. In aka mayar musu da takardar gwaji, maki kawai suke dubawa. In ya yi kyau a kai gida, in bai yi ba a duƙunƙune a jefa a kwata. Alhali jan alƙalamin malami ya fi makin amfani, don shi ke nuna inda ƙafa ta zame. Yaro ya yi baƙin cikinsa kwana biyu ko uku, ba laifi, zuciya ba dutse ba ce. Bayan nan sai ya buɗe takardar ya tambayi kansa. Darasin ne bai gane ba tun farko? Ko ya gane, lokaci ne ya ƙure masa? Ko kuwa tambayar ce bai fahimta ba? Kowace cuta da maganinta. Wanda bai iya rabawa ba, sau da yawa jadawalin ninkawa ne bai zauna masa ba, sai ya koma can ya gyara. Wanda lokaci ke ƙure wa, ya riƙa gwaji a gida yana duban agogo. Wanda ba ya ganin allo daga bayan aji, ya faɗa wa malami a matso da shi gaba, wataƙila ma idonsa ne ke son likita.

Maganar rashin fahimtar tambaya tana da girma a Nijar. Yara da yawa sun faɗi ba don ba su da kai ba, sai don an tambaye su da Faransanci, harshen da ba su ji a gida, ba su ji a kasuwa. Yaron da ke iya ba da canjin jika guda a rumfar uwarsa ba tare da kuskure ba, sai a ba shi lissafin da bai kai wannan wuya ba a takarda ya kasa. Lissafin ya sani, kalmomin ne suka tare masa hanya. Don gyara wannan aka buɗe makarantar gwaji ta fari a Damagaram a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa, sannan Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. Ɗan aji mai harshe biyu yana da makamin da wasu ba su da shi. In tambaya ta shige masa duhu, sai ya juya ta da Hausa a zuciyarsa, ya ga me ake nema, kana ya amsa. In ya kasa juya ta, to, ya gano ainihin inda ciwon yake, sai ya ɗaga hannu. Matambayi ba ya ɓata. Kunyar tambaya ta kayar da yara fiye da wuyar darasi.

Akwai kuma abin da ba laifin yaro ba ne ko kaɗan. Wanda ya zo aji da yunwa ba ya riƙe karatu. Yarinyar da ke yawo da faranti a tasha har dare ba ta da lokacin bita. Ajin zana in iska ta taso ko ruwa ya sauko, karatu ya tsaya. Bai kamata a tara duk wannan a ɗora wa ɗan shekara goma sha biyu ba, kamar yadda aka ɗora wa Umaru kunyar yaƙin da ba shi ya tsara ba. Uban da ya ce ɗansa ya ba shi kunya, ya fara tambayar kansa: sau nawa ya je makarantar bana? Ya san sunan malamin? Akwai fitila a ɗakin yaron? Uba ba sai ya iya boko ba kafin ya ce: «Zo nan, karanta mini abin da kuka yi yau.» Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kwatanta yaro da ɗan maƙwabta kuwa ba ya ƙara masa ko maki guda, sai dai ya sa shi ƙin ɗan maƙwabtan.

Ƴan wasa sun fi kowa sanin faɗuwa. Isaka Dabore, ɗan damben zamani, ya je wasannin Olimpik a Tokiyo a 1964, ya dawo hannu wofi. Ya koma a Meziko a 1968, haka. Sai a zuwa na uku, a Munich a 1972, ya samo lambar tagulla, ta fari a tarihin Nijar. Shekara 44 aka yi kafin Abdul Razak Alfaga ya kawo ta biyu, ta azurfa, daga Rio a 2016.

Duk da haka, ba kowa ne zai kai jami'a ba, faɗin haka kuwa ba cin fuska ba ne. Akwai wanda zai maimaita, ya dage iyakar ƙarfinsa, hanyar ta ƙi. Wannan kada ya zauna a bakin titi yana shan shayi daga safe har dare. Garin yana bukatar makaniki, da tela, da mai walda, da mai gyaran lantarki, da manomin da ya iya karanta abin da aka rubuta a buhun taki. Tela mai iya rubuta awo ya fi wanda ke riƙewa a ka. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanke wannan shawara da zafin rai, a daren da sakamako ya fito. A bari zuciya ta huce, a je a ga malami, a ji ta bakinsa, don shi ya ga aikin yaron wata tara.

Wanda ya zaɓi maimaitawa, ranar komawa makaranta a watan Oktoba za ta yi masa nauyi. Zai zauna da ƙannensa na bara. Wani zai yi masa ba'a a filin wasa, ya ce ga tsohon aji. Mako guda ne ko biyu, ba'ar za ta tsufa, yara su sami wani abin magana. Shi kuwa darussan farko ya riga ya taɓa jin su, wannan karon zai ji abin da ya wuce shi bara. In ya yi wayo sai ya nemi benci na gaba, ya kuma sami aboki guda ko biyu da za su riƙa bita tare bayan la'asar. In gida ba wurin zama, ga ɗakin karatu a gidan al'adun nan na kusa da kasuwa.

A Wagadugu kuwa, duk shekara biyu in an yi bikin FESPACO, akwai wata kyauta da ake bayarwa da sunan Umaru Ganda. Ba tsofaffin gwanaye ake ba ita ba. Ana ba da ita ga wanda ya kawo dogon fim ɗinsa na fari.